Ofishin 'yan mazan jiya na gundumarmu da maganar huhuna

Tambayar farko da matar da ke aiki a ofishin ta yi mini ba ta shafi takarda ba. Cewa ta yi, daga inda na ajiye mota zuwa kujerar da nake zaune, sau nawa na tsaya a hanya? Na ce lafiya lau na iso, alhamdulillahi. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ta hango ni ta taga na dafa ƙarfen matakala ina mayar da numfashi, kuma matakalar nan hawa tara ce kacal. Ta ce idan haka zan riƙa amsa wa likita, gara mu rufe fayil ɗin tun yanzu kowa ya huta.

Wannan a Janairun 2023 ne, a ofishin taimaka wa tsofaffin sojoji na gundumar da nake zaune a jihar Ohio ta Amurka. Kowace ɗaya daga gundumomi 88 na jihar tana da irin wannan ofishi, kuma ba sa karɓar ko sisi. Wata 13 na yi ina zirga-zirga a wurin kan maganar alawus ɗin naƙasa na cutar huhu, shi ya sa nake ganin ina da bakin faɗin yadda aikinsu yake, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Na san akwai 'yan uwa Hausawa daga Najeriya da Nijar da zangunan Ghana da suka sa kakin sojan Amurka, wasu suna can suna tari a ɗaki, takardar ƙin amincewa tana cikin durowa.

Ni mutumin Zariya ne. Bizar caca ce ta kawo ni a 2003, na shiga soja a 2005, aka sa ni tuƙin manyan motoci. Daga 2006 zuwa 2007 ina sansanin Balad, arewa da Bagadaza. Duk wanda ya zauna a Balad ya san ramin ƙona shara. Fili ne da ya kai kusan eka 10, ana zuba masa duk abin da sansani ya zubar: robobin ruwa, tayoyi, batura, gwangwanayen fenti, sharar asibiti, ragowar abinci. A watsa man jirgin sama a cinna wuta, dare da rana. In iska ta juyo ta wajen ɗakunanmu, da safe sai ka share baƙin toka daga kan bargo, in ka fyace majina baƙa ce. Mun saba da juji mai hayaƙi a gida, shi ya sa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kowa yana tari, har suna aka sa masa, wai tarin Iraƙi, ana cewa da ka koma gida zai tafi.

Nawa bai tafi ba. Na bar soja a 2011 na kama tuƙin motar kaya. Kowane hunturu sai ƙirji ya kama ni wata biyu ko uku, kaki ba ya yankewa. A hankali abin ya daina jiran hunturu. Likitana ya ce kumburin hanyoyin iska ne mai daɗewa, wanda suke kira bronkaitis, daga baya hoton ƙirji ya nuna alamun emfisima, wato ƙananan jakunkunan iska na huhu sun fara lalacewa. A 2017 na cika fom da kaina na aika wa VA, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Amsar ta zo cewa sun yarda ina da cutar, sun yarda na yi aiki a Iraƙi, amma babu rubutun likita da ya haɗa wannan da wancan. Dokar lokacin kenan, sai ka kawo abu uku: cuta da likita ya tabbatar, abin da ya same ka a bakin aiki, da igiyar da ta ɗaure su. Ni biyu na kawo. Ga kuma sigari da na sha na shekara huɗu ina soja, kuma doka ba ta biyan cutar da taba ta jawo. Ina da shekara guda in ɗaukaka ƙara. Ban ɗaukaka ba. Na ce abin da Allah ya ƙaddara kenan, na jefa takardar a durowa. Wannan shekara gudan da na bari ta wuce ita ce asara mafi girma a duk labarin nan, kuma ba wanda zan ɗora wa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne dokar PACT, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022. Sunan Saje Heath Robinson aka sa mata, ɗan jiharmu ta Ohio, ma'aikacin jinya na soja da ya yi aiki a Iraƙi ya rasu a 2020 da kansar huhu. Dokar ta ce in ka yi aiki a Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Katar, Bahrain, Oman, Daular Larabawa ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, ko a Afganistan, Jibuti, Masar, Jodan, Labanon, Siriya, Uzbekistan ko Yaman daga 11 ga Satumba 2001, to an ɗauka ka shaƙi hayaƙin. In kuma kana da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, irin su bronkaitis mai daɗewa, emfisima, COPD (toshewar hanyoyin iska mai daɗewa), asma da aka gano bayan barin aiki, ko tabon huhu, an ɗauka aikin ne ya jawo. Igiya ta ukun nan da na rasa a 2017, doka ta ɗaura mini ita.

Kafin in san da ofishin gunduma, wani kamfani ne ya fara samo ni ta tallar Facebook. Ba zan kama sunansa ba. Yaron da ya kira ni bakinsa da zaƙi, ya gode mini da bautar ƙasa har sau uku. Ya turo yarjejeniya mai shafi da yawa, a can ciki aka rubuta cewa duk ƙarin da na samu a wata, zan biya su ninki 5. Uwargida ce ta ce kada in sa hannu sai mun tambaya. Da na nuna wa matar ofishin gunduma takardar, ba ta zagi kowa ba. Ta juyo mini da kwamfuta, ta buɗe shafin VA inda ake duba sunayen lauyoyi da wakilan da aka tantance, ta ce in rubuta sunan kamfanin da na yaron. Babu su. Ta rubuta nata sunan, ya fito. Ta bayyana mini cewa wanda ba a tantance ba doka ba ta ba shi izinin wakiltar kowa a gaban VA ba, shi ya sa irin waɗannan kamfanoni suke kiran kansu masu ba da shawara, kai ne za ka tura fom da hannunka, in abu ya ɓaci kuma babu sunansu a ko'ina. Da na sa hannu, da sama da dala 2,600 ta tafi a kan aikin da aka yi mini kyauta.

Zaman farko ya ci awa ɗaya da rabi. Ta karɓi takardar sallamata daga soja, DD-214, ta duba ranakun Iraƙi da yatsa. Na sa hannu a fom 21-22 wanda ya ba su izinin wakiltata, kuma da shi ne take iya buɗe fayil ɗina a na'urar VA ta ga abin da ni ba na gani: rahoton likitan da ya duba ni, da bayanan da mai yanke hukunci ya dogara da su. A ganina wannan ne babban amfanin ofishin. Kai wasiƙar hukunci kawai take zuwar maka, ita kuwa tana ganin abin da aka dafa wasiƙar da shi.

Ta zana mini hanyoyi uku a bayan ambulan, tsarin da ya fara aiki a Fabrairun 2019. Ta farko, fom 20-0995, ka sake kawo maganar da sabuwar hujja. Ta biyu, fom 20-0996, ka nemi wani babban jami'i ya sake duba hukuncin da hujjojin da ke ciki kawai, ba a ƙara ko shafi ɗaya. Ta uku, fom 10182, ka kai gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji da ke Washinton, inda layin ya fi tsawo, musamman in ka nemi a saurare ka baki da baki. Ta ce tunda hukuncin 2017 ya riga ya rufe, ta farko ce tamu, kuma mu yi sauri, don wanda ya shigar cikin shekarar farko ta dokar PACT ana iya lissafa masa kuɗinsa tun daga ranar da aka sa mata hannu. A ranar muka tura.

Sai maganar da na fara da ita. Mu an raine mu da cewa mara lafiya ba ya ƙorafi. A tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da kana kwance. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ban daina ba a gaisuwa. Amma likitan da ke cika fom abin da ka faɗa shi yake rubutawa. Da ta buɗe rahoton 2017 ta karanta mini, an rubuta cewa mai neman ya ce yana samun sauƙi kuma yana aikinsa ba matsala. Ni na faɗa, ban manta ba. Matar ta ce ba ta so in ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya, har maganar sigari ta ce in faɗe ta yadda take in an tambaya. Abin da take so shi ne in daina ragewa. Ta ba ni aikin gida: in samu ɗan littafi in riƙa rubuta sau nawa na shaƙi inhela, wato maganin fesawa na buɗe ƙirji, a rana, dare nawa tari ya tashe ni, kwana nawa na kasa fita aiki.

Ta kuma ba uwargida fom 21-10210, na shaidar wanda ke zaune da kai. Daren da muka zauna cika shi, uwargida ta ce, "Maigida, in rubuta duka?" Na ce ta rubuta. Ta rubuta cewa shekara uku kenan ina barci a jingine da filo uku. Ta rubuta cewa na daina ɗaukar ƙaramin yaronmu zuwa bene. Ta rubuta cewa a da ni ke jan sallar asuba a gida da dogayen surori, yanzu sai in yanke aya a tsakiya in ja numfashi. Na ƙarshen nan ban san ta lura ba. Na daɗe ina kallon takardar kafin mu fassara ta zuwa Turanci tare.

Gwajin numfashi ya faɗo a Afrilun 2023, cikin azumi. Wani asibitin kwangila aka tura ni. A gwajin ana sa ka hura iska cikin na'ura da dukkan ƙarfinka, sannan a fesa maka maganin buɗe ƙirji, a jira kaɗan, ka sake hurawa. Na so a ɗaga ranar saboda maganin da za a fesa mini a baki da rana. Na kira matar. Ta ce ana iya neman ɗagawa, amma kada in kuskura in ƙi zuwa ba tare da na kira su ba, don rashin halartar gwaji kaɗai yana iya kashe magana. Ta ce batun azumi kuwa ba fanninta ba ne, in tambayi malamina. Na ji daɗin yadda ta san iyakarta. Na tambayi limaminmu, ya ce ni mara lafiya ne, in je in yi gwajina, in na ga dama in rama ranar don samun natsuwa. Haka na yi.

A Yuni wasiƙa ta zo: an amince aikin soja ne ya jawo cutar, an ba ni makin naƙasa kashi 10 cikin 100. Na yi hamdala, har na kira matar don in yi godiya in rufe maganar. Ta ce in zo ofis tukuna.

A nan ne na ga ƙwarewarta. Ta fito da sakamakon gwajin ta ajiye kusa da jadawalin doka. Ta nuna mini lamba ta farko, FEV-1, yawan iskar da ka iya fitarwa a daƙiƙar farko idan aka kwatanta da mai lafiya sa'anka. Jadawalin ya ce 71 zuwa 80 kashi 10 ne, 56 zuwa 70 kashi 30, 40 zuwa 55 kashi 60, ƙasa da 40 kuwa kashi 100. Kuma galibi sakamakon bayan fesa magani ake ɗauka, ba na kafinsa ba. Nawa 74, wato kashi 10, babu gardama. Sai ta gangara ƙasa da yatsa zuwa wata lamba, DLCO, wadda ke auna yadda iska ke ratsawa daga huhu zuwa jini. A wannan, 56 zuwa 65 kashi 30 ne. Nawa 58. Ta ce doka ta tanadi abin yi idan lambobi suka saɓa: a yi aiki da wadda likitan ya ce ta fi nuna ainihin halin mara lafiya. Ta juya shafi, gurbin da likitan zai zaɓa babu komai a ciki. Ni da zan shekara ina kallon takardar nan da ban gane ba.

Muka bi hanya ta biyu, fom 20-0996, ta kuma sa alama a inda ake neman tattaunawa ta waya da babban jami'in. Ta gargaɗe ni cewa a wannan hanya ko na samo sabuwar takardar likita ba za a duba ba. A Oktoba aka yi kiran, ina zaune kusa da ita. Bai wuce minti 12 ba. Ba ta ba da labarin wahalata ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta faɗi lambar shafi, ta faɗi sashen dokar, ta ce gurbin fanko ne. Jami'in ya mayar da fayil ɗin a cike gurbin, likita ya rubuta cewa ga mai emfisima DLCO ce ta fi nuna gaskiya. A Fabrairun 2024 aka mayar da ni kashi 30, aka lissafa daga Agustan 2022, aka biya ariyas a dunƙule.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A 2024 kashi 10 dala 171.23 ne a wata, kashi 30 kuwa dala 524.31 ga wanda ba shi da iyali, kuma ba a cire haraji. Daga kashi 30 ne ake fara ƙara wa mutum kuɗin mata da 'ya'ya. Wannan ma ita ta tuna mini, ta cika fom 21-686c, ta nemi takardar aure da takardun haihuwa. Takardar aurenmu daga Zariya take, sai da muka haɗa da fassara.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Sati biyar na jira kafin in samu zaman farko. Wayar ofishin kusan kullum na'ura ce ke ɗauka, kuma sau biyu na bar saƙo aka yi kwana huɗu ba a kira ni ba, ɗaya a lokacin da hankalina ya tashi kan ranar gwaji. Suna rufewa da ƙarfe huɗu da rabi, ba sa buɗewa Asabar, mai tuƙin dare irina sai ya sadaukar da barci. Babu tafinta, wanda Turancinsa ko na iyalinsa bai yi ƙarfi ba sai ya zo da nasa. Kuma na lura aikin ya danganta da wanda ka faɗa hannunsa. Ranar da matar ta tafi hutu wani matashi ya karɓe ni, mai ladabi ƙwarai, amma da na tambaye shi ko za a haɗa mini bronkaitis da emfisima a biya kowanne daban, ya ce yana ganin haka ne. Da ta dawo ta gyara: waɗannan cututtukan numfashi maki ɗaya ake ba su, a ƙarƙashin wanda ya fi tsanani. Na yi sati biyu ina lissafin kuɗin da ba zai zo ba. Fayiloli sun yi musu yawa tun bayan dokar PACT, na gani da idona a kan teburinta, amma wanda ke jiran kira da ƙirji a toshe wannan ba ya rage masa komai.

Akwai kuma inda ƙarfinsu ya ƙare. Ba likitoci ba ne, ba za su rubuta maka ra'ayin likita ba. In magana ta wuce hukumar Washinton zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, inda kwana 120 kawai ake da su a shigar da ƙara, lauya ake nema. Ita da kanta ta faɗa mini haka, ta ce lauyan da aka tantance ba ya karɓar kuɗi sai bayan an yanke hukuncin farko, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 na ariyas. Wani abokina da muka yi Iraƙi tare yana wannan matakin. Shi gwajinsa na hura iska lafiya lau yake fitowa, amma ba ya iya gudun mita ɗari. Likitansa yana zargin ƙanƙancewar ƙananan hanyoyin iska, cutar da Dakta Robert Miller na Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kanta a 2011: cikin sojoji 49 da aka yanko tsokar huhunsu aka duba, 38 suna da ita, kuma da yawansu gwajin numfashinsu bai nuna wani abin tashin hankali ba. Cutar tana cikin jerin dokar PACT, amma tabbatar da ita da samun makin da ya dace aiki ne na ƙwararren likitan huhu, ofishin gunduma bai isa shi kaɗai ba.

Wani ƙanenmu a masallaci, ɗan asalin Maraɗi, ya yi aiki da sojan saman Amurka a sansanin Agadez kafin a kwashe sojojin a 2024, shi ma yana fama da asma. Na tambayar masa. Ta ce Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen dokar, don haka shi sai ya bi tsohuwar hanya ta abu uku, da rubutun likita da ke cewa yiwuwar aikin ne ya jawo ta kai rabi, domin in hujja ta yi kunnen doki ana ba tsohon soja ne. Ta ce kafin komai ya tura fom 21-0966 na bayyana niyya, ya kama ranarsa, sannan yana da shekara guda ya tattara takardu. Na kai shi da kaina ranar Talata, muka zauna a kujerun jira, littafinsa na ƙirga inhela yana aljihunsa. Da ta leƙo ta kira sunansa ta tambaye shi ya jiki, ya buɗe baki zai ce da sauƙi, sai ya dube ni, ya ciro littafin ya miƙa mata.